Lallen Da Baba Ya Sa Aka Ƙunsa Mini

Wanda Ya ba mu aron Baba Ya karɓi abinSa, kuma wurinSa dukkanmu muka nufa. Baba, mahaifin maigidana, ya cika ranar Laraba da hantsi a gidansa na Dangora, ana tsakiyar yankan dawa. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku gidan bai huta ba. Mutanen Ba'awa suka zo a ƙasa, na Burumburum a kan jakuna, danginsa na Bebeji kuma suka ciko motar gyaɗa guda. Ni aikina a ɗakin girki yake, kuma bango ɗaya ne ya raba ɗakin girkinmu da zaure, saboda haka duk abin da masu gaisuwa suka faɗa a kunnena ya sauka. Na ji wani manomi daga Ba'awa yana cewa, "Ya taɓa kayar da ni a gaban Fulani, na shekara ba na gaishe shi. Amma wallahi ko yau aka sake zama, abin da ya faɗa shi ne gaskiya." Wata tsohuwa mai daddawa kuwa da ta shigo wurin Inna, surukata, kuka take tana faɗa, wai yanzu wa zai riƙa hana mutane haɗiye ƙarya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Arɗo. Tsoho ne tukuf daga rugar da ke bayan Burumburum, ya iso yana dogara sanda. Aka shimfiɗa masa buzu, ya ƙi zama. Maigidana ya miƙa masa hannu, ya karɓa, amma ya ƙi yi masa gaisuwar mutuwa.

"Wanda ya kawo mini labari," in ji shi, "na tambaye shi, da idonka ka gani? Ya ce a'a, a kasuwar Kiru ya ji. To ni ban karɓa ba tukuna. A kai ni in gani."

Aka kai shi makabarta. Da ya dawo sai ya zauna a kan buzun ya ce, "Na gani," sannan ya rufe fuska da hannun riga ya fashe da kuka. Mutanen zaure suka rasa ta yi, wasu na dariya wasu na share hawaye, don kowa ya san wurin wanda Arɗo ya koyi wannan hali.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami da ɗan bokon da maigidana ya koya mini. 'Ya'yana ƙanana ne. Idan suka girma za a ce musu kakansu mutum ne mai taurin kai, kuma ba ƙarya aka yi ba. Ina so su san cewa taurin kan nan ne ya sa suka tashi da uwarsu a gidan ubansu.

Sana'ar Baba noma ce, amma duba ɓarna aka san shi da ita. Idan shanu suka shiga gonar mutum, shi dagaci ke turawa ya je ya ga abin da suka ci, ya yanke abin da za a rama wa mai gona. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki. Mai gona zai zo yana kumfar baki, ya rantse shanu sun cinye gonar kakaf, ko kara ɗaya ba su bari ba. Mai shanu ya zo a natse, ya rantse ɗan maraƙi ne kawai ya leƙa bakin gona ya tsinki ganye. Baba zai saurari kowa har ya kai aya, ba ya katse mutum, yana ta ɓare goro da farce. In sun gama sai ya jawo takalmansa ya ce, "To, mu je mu gani." Bai taɓa yanke magana a zaune ba. A gona zai bi sawu, ya ɗaga karan da aka karya, ya tona kashin shanu da sanda ya ga ko ɗanye ne ko ya kwana biyu, sannan ya buɗe baki. Yawanci mai gona da mai shanu duk suna gunaguni suke komawa gida, kuma baɗi su sake dawowa wurinsa.

Halin ya bi shi har cikin gida inda ba a buƙatarsa. Inna ta taɓa ce masa ɗakinta ya yi yoyo bara, a gyara kafin ruwa ya sauka. Ya ce mu gani. Rani ne, ina abin gani? Sai da damina ta jiƙa mata gado, ta kira shi, ta tsayar da shi daidai ƙarƙashin yoyon ruwa na ɗiga masa a hula, ta ce, "Malam, ka gani, ko a ƙara jira?" Har ya bar duniya tana yi masa gori da wannan. Samarin gari kuwa Mu-je-mu-gani suke kiransa a bayan idonsa, kuma ya sani.

Sau ɗaya na ji ya faɗi inda ya samo halin. Ya ce yana saurayi a Bebeji ranar da Nasara suka zo suka fasa ƙofar gari, kuma yana tsaye aka yi komai. Daga baya ya ji labarin ranar a bakin tafintan Nasara, ya ji shi a bakin maroƙa, ko ɗaya bai yi kama da garin da shi ya tsaya a ciki ba. Tun daga nan, in ji shi, idan aka kawo masa labarin faɗa, kafin ya tambayi me ya faru sai ya tambayi wa ya faɗa, kuma tuwon wa mai faɗar yake ci.

Ni da shi ba mu taɓa zama mun yi magana ba, yadda ya kamata tsakanin suruki da matar ɗansa. In na ji takunsa sai in shige ɗaki. Abincinsa ni nake kaiwa, amma durƙusawa nake a bayan asabarin da ke ƙofar zaure ta ciki, in tura akushi da hannu ɗaya, in janye. Shekara da shekaru hannun nan kaɗai ya sani a jikina. Idan yana da saƙo gare ni sai ya ɗaga murya ya yi wa bango magana: "A gaya wa mutuniyar Doguwa miyar jiya ta yi." Doguwa garinmu ne, daga can aka kawo ni.

Maigidana ya tafi aikin hajji ta ƙasa, ta hanyar gabas, ya bar ni da 'ya'ya biyu, ƙaramar tana goye. Bayan ya sauke farali bai juyo ba. Wani alhaji da ya dawo ya kawo mana saƙon baki cewa ya haye Masar, yana wani birni na bakin teku da ake kira Bur Sa'id. Yana dako a tashar jiragen ruwa, yana ɗaukar karatu wurin wani malami, yana kuma haɗa guzurin dawowa. Yana cikin shekara ta uku da tafiya Turawa suka kai wa Masar yaƙi a kan mashigin ruwan nan da jiragen duniya ke bi.

Ta akwatin Baffa labarin ya iso mana. Baffa ƙanen Baba ne ciki ɗaya, mai sayen gyaɗa, ga zafin zuciya ga saurin hawaye. Ya yi shekaru a Sudan a hanyar hajjinsa, don haka yana jin Larabci har na rediyo. Shi ya fara kawo akwatin rediyo Dangora, da batir mai nauyin tubali, ya ajiye a zauren Baba don nan dattawa ke zama, aka ɗaura wayarsa a kan ɗurumin ƙofar gida. Kullum bayan la'asar zaure ya cika, ni kuma in jawo turmina kusa da bango in riƙa daka a hankali don kada tabarya ta rufe mini kunne.

Tashoshi biyu suke kamawa. Ɗaya da Hausa take magana, amma daga bakin Turawa take ɗauko labarin. A wurinta abin ɗan ƙarami ne, an shiga ne a raba faɗa, barikin soja kawai ake zuba wa wuta, mutanen gari ba abin da ya same su. Ɗayar ta mutanen Masar ce, da Larabci, Baffa na fassarawa. A wurinta Bur Sa'id ta zama toka, mutanen birnin sun fito gaba ɗaya sun yi shahada, kuma duk da haka su ne ke da nasara.

Zaure ya rabu biyu. Wasu suka ce Bature bai iya ƙarya ba, ko agogonsa ba ya saɓa lokaci. Baffa ya ce wanda duk ya gaskata mai jefa wuta a kan wanda ake jefa wa, ya je ya sake alwala. A cikin gida kuwa Inna takan raɗa mini, "Allah Ya sa yau ɗaya Nasara ne masu gaskiya." Ni ma addu'ar da nake yi ke nan a zuci, kuma tana ba ni kunya. Waɗanda suka kai wa mijina wuta su ne ke faɗin abin da nake son ji, 'yan'uwanmu Musulmi kuma kullum sai sun kashe mini shi kafin magariba.

Aka matsa wa Baba sai ya faɗi nasa ra'ayin. Na ji ya gyara murya ya ce, "Ni ai na san muryoyin nan biyu, duk kaka suna zuwa zauren nan. Waccan mai Hausa, mai shanu ce. Shanunta ne suka shiga, dole ta ce ganye aka tsinka. Wannan mai Larabci kuwa mai gona ce. An shiga mata gona, an zalunce ta, ba ni da shakka. Amma tun da nake ban taɓa ganin mai gonar da ya ce rabi aka ci ba."

Baffa ya yi tsalle ya ce, "Yaya, Musulmi da Nasara ka ɗora a sikeli ɗaya?"

"A laifi ban haɗa su ba, na san wanda ya shiga gonar wani. A shaida na haɗa su. Wanda ke cikin faɗa ba zai zama mini shaida a kan ran ɗana ba."

Bayan 'yan makonni wani falke mutumin Tudun Wada ya dawo daga gabas da labarin cewa duk mutanenmu da ke dako a tashar jiragen Bur Sa'id sun mutu. Baffa ya riƙo hannunsa har zaure ya ce, "To ga shaida, Yaya. Wannan ba akwati ba ne, mutum ne da jini a jika." Baba ya sa aka kawo wa baƙo fura, ya bari ya sha ya huta, sannan ya fara.

"Malam, ka je Bur Sa'id?"

"A'a, Baba, iyakata Sudan."

"Wa ya gaya maka?"

"Wani mai shayi a tashar mota. Amma kowa a can ya sani."

"Shi mai shayin ya je?"

"Bai je ba. Amma yana da akwati irin wannan a rumfarsa."

Inna, wadda ke leƙe ta asabari, ta ce Baba juyawa ya yi ya dubi akwatin Baffa ya ce masa, "Ashe kai ne ka sake riga ka ɓullo ta Tudun Wada." Ba wanda ya yi dariya a zauren. Ni ce kawai na toshe baki da gefen zane a bayan bango, ina dariya hawaye na zuba.

Amma gari ya riga ya karɓa. Aka fara tare Inna a hanyar rijiya ana yi mata gaisuwa. Labari ya kai Doguwa, sai ga Yayana ya zo. Ba mugun mutum ba ne, tausayina yake ji. Ya ce in mijin ya mutu to in yi takaba, wata huɗu da kwana goma, in na fita ya zo ya tafi da ni, ba za a bar ƙanwarsa a rataye ba. Na san abin da wannan ke nufi. Yara na gidan ubansu ne, nan za a bar su. Ni in koma Doguwa, daga nan sai ɗakin wani. In kuwa Allah Ya sa maigidana na raye, ranar da ya dawo zai tarar da ni matar wani ce.

Aka kira Baba duba ɓarna a Burumburum, tafiyar kwana. Baffa ya ga dama ta samu, shi da Yayana suka shirya sadaka. Zan faɗi gaskiya a kan Baffa, don ƙauna ya yi. Shi a ganinsa yaro ya yi shahada an bar shi ko fatiha ba a yi masa ba, abin na cin ransa. Da safe mata suka daka gumba, aka toya waina, aka shimfiɗa tabarmi har ƙarƙashin ɗurumi. Inna ta fito mini da tsohon zane, ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta ta fara tsefe mini kitso, hawayenta na sauka a wuyana. Ban yi gardama ba. Ta gama rabin kai ke nan muka ji sallamar Baba a ƙofar gida.

An ce wandonsa duk ƙarangiya, ko takalmi bai cire ba. Muryarsa kuwa ni da kaina na ji ta.

"Sadakar wa ake yi a gidana?"

Baffa ya ce, "Ta ɗanka ce, Yaya. Ka yi haƙuri ka karɓi ƙaddara. Allah Ya ba shi shahada, kai kuma ka hana shi addu'a."

"Wa ya wanke shi?"

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Wa ya sallace shi? Wa ya ga an sa shi a rami? Liman, kai ne malaminmu. Da maganar akwati ake kwance aure?"

Liman ya yi ta gyaran murya, can ya ce, "A gaskiya, Malam, shari'a waɗanda suka gani take nema."

Baffa ya fashe da kuka ya ce, "Birni guda ya ƙone, Yaya! Birni guda!"

"Ko da ya ƙone, ni ba birni na haifa ba. Mutum ɗaya na haifa, kuma har yau ba wanda ya kawo mini labarinsa." Ya ɗan tsaya, sannan ya ce, "Gumba an riga an daka, ba za a zubar ba. Liman, a yi addu'a Allah Ya jiƙan Musulmin da suka mutu a can, na yarda suna da yawa. A ƙara da ta matafiyi, Allah Ya dawo da shi gida. Sannan kowa ya ci."

Haka aka yi. Baffa bai tsaya fatiha ba, ya fizge wayarsa daga ɗurumi, ya rungumi akwatinsa, ya rantse ya bar zama a zauren nan.

Da jama'a suka watse, wajen azahar, na ji Baba ya matso kusa da bango. Ya ce, "A gaya wa mutuniyar Doguwa, ban san ɗana yana raye ba, ban kuma san ya mutu ba. Ba zan yi mata ƙarya ba. In ta gaji da jira ba laifinta ba ne. Ni da ƙafata zan kai ta gaban alƙali a raba auren saboda daɗewar tafiya, ta fita da mutuncinta. Abin da ba zan yi ba shi ne in sa ta takabar mutumin da ba a ga kabarinsa ba. In kuma za ta jira, rumbuna nata ne da 'ya'yanta. Ba sai ta amsa da baki ba. Mai takaba ba ta ƙunshi. Gobe in aka kawo mini abinci zan dubi hannu."

Tun da aka fara maganar nan, Baffa ya yanke, Yayana ya yanke, gari ya yanke, shi kaɗai ya tambaye ni. Inna ta dube ni, na sunkuyar da kai na miƙa mata hannuwana biyu. Ta mayar mini da kitson da ta tsefe, ta tashi ta daka lalle da kanta, ta ƙunsa mini hannu da ƙafa. Washegari na durƙusa a bayan asabari na tura akushi, hannu ja wur. An daɗe ba a ɗauki akushin ba. Can na ji ya ce wa bango, "An gani."

Watannin da suka biyo ba su yi daɗi ba. Yayana ya koma da fushi. In na je suna ko biki, mata hannuna suke kallo kafin fuskata, na ji da kunnena ana cewa ga mai takaba da lalle. Ni kuma da ya fara koɗewa sai in sake ƙunsawa, har da gayya. Akwai ranakun da na yi ƙunshin ina kuka, zuciyata na ce mini gawa nake yi wa ado.

Baba kuwa bai daina sauraron akwati ba. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki buzunsa ya tafi ƙofar gidan Baffa, ya zauna a waje ƙarƙashin taga, don a ƙa'idarsa ba a daina jin masu ƙara sai an yanke hukunci. Ba sa magana da juna in ban da sallama. Amma matar Baffa ta gaya mini in ya hango inuwar yayansa sai ya ƙara wa akwatin murya, in an juya Larabci kuma ya riƙa fassarawa da ƙarfi, wai shi kaɗai yake yi wa kansa. Da yaƙin ya tsaya, kowace tasha ta ba da labarin yadda nata suka fita da girma. Baba ya dawo gida yana gaya wa Inna yau ya ga shari'ar da mai gona da mai shanu duk suka ci.

Lokacin da takaba za ta ƙare da na yi ta ya zo ya wuce. Rani ya yi nisa. Yayana ya sake zuwa, Baba ya kai shi ya buɗe masa rumbu ya ce ya duba ko ƙanwarsa na kwana da yunwa, ya kuma ce a tambaye ni. Na miƙa wa Yayana ruwan sha da hannuna mai lalle, ya gane, ya hau kekensa.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Alhamis. Da hantsin Juma'a ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗar iri, sai na ji guɗa daga bakin gari, ta taso tana matsowa, wannan gida ya karɓa ya miƙa wa wancan, har ta iso ƙofarmu. Inna ta fita ba mayafi. Ni kuma na je bakin asabari na leƙa. Wani siririn mutum ne a tsaye ƙarƙashin ɗurumi da ɗan ƙunshin kaya, ya yi baƙi ya rame, jama'a sun kewaye shi. Tsayuwarsa kawai na gani na san shi ne.

Aka ruga gona aka kira Baba. Ya taho da sungumi a kafaɗa, bai yi sauri ba, jama'a suka dare masa. Maigidana ya zube ya gaishe shi. Baba ya ce ya miƙe. Ya zagaya shi, ya ɗaga masa hannun riga, ga tabon ƙuna daga kafaɗa har gwiwar hannu. Ya yi masa magana ta hagu, bai ji ba, kunnen ya mutu. Ya yi masa ta dama, ya amsa. Sannan ya juya ya fuskanci mutanen Dangora, da muryar nan da yake yanke hukunci da ita a bakin gona, ya ce, "Shanu sun shiga, kuma sun yi ɓarna. Amma gonata tana nan."

Yana faɗa sai ya zauna daɓas a ƙasa mai laima yana kabbara. Guɗa ta sake tashi. Sai ga Baffa a guje, ba hula ba takalmi, ya rungume maigidana yana kuka har ana ɓanɓare shi.

Bayan an sauko daga masallaci maigidana ya ba da labari a zaure. Ya ce unguwar talakawa ta bakin teku ta ƙone ƙurmus, shi da hannunsa ya ɗauki gawar mata da yara, har da ta mutanenmu, duk wanda ya ce ba a taɓa mutanen gari ba ƙarya yake. Amma birni yana nan a tsaye, kasuwa ma ta ci gaba da ci. Shi ƙunar ce ta kwantar da shi, da ya warke ya kamo hanya yana aiki yana tafe. Ya ce a can ma ya ji tashoshin nan, yana zaune a cikin garin yana jin ana ba da labarin wani gari dabam.

Baffa ya ce, "Yaya, saura kaɗan in raba yaro da iyalinsa. Ka yafe mini."

Baba ya ce, "Kai ma ba duka ka ɓata ba. Addu'ar da muka yi wa mamata ta sami masu ita. Je ka ɗauko akwatinka, ɗurumi ya yi kewar waya."

Aka yanka rago, aka yi tuwon shinkafa, masu kalangu suka zo ba a gayyace su ba. Yayana ya iso daga Doguwa yana sunkuyar da kai, na cika masa kwano na ƙara. Matan da suka ce ga mai takaba da lalle kuwa su ne a gaba wurin rawa, wata ma har ta tambaye ni inda nake samun lalle mai kamawa haka. Na ce mata a rumbun Baba. Tun daga ranar, in akwati ya kawo labarin faɗa, kuma kullum akwai wani faɗan a wani wuri, sai ka ji wani a zaure ya ce, "Tsaya tukuna, wannan mai gona ne ko mai shanu?"

Baba ya ƙara damina biyu bayan wannan. Ya ga ɗan da na haifa bayan dawowar maigidana, shi ya yi masa huɗuba. A ƙarshe idonsa ya yi rauni, aka mayar da shi ɗakin Inna. Ranar Larabar nan na dama masa koko, na durƙusa a bakin ƙofa na tura ƙwarya yadda na saba. Sai na ji ya ce, ba da bango yake ba wannan karon, "Shigo, 'yata."

Na shiga da yaro a bayana, na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce, "Kawo hannun in gani." Na miƙa. Ya kai shi dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa. Da lalle a jiki, don ban taɓa bari ya koɗe ba tun daga waccan rana.

Ya ce, "Mutane na cewa ni na yi taurin kai. Ba su sani ba. Kullum in na taso daga ƙofar Baffanku gwiwata a sanyaye take, in ce ko dai cutar 'yar mutane nake yi. Sai a turo akushi in ga jan hannu, in ce to, a ƙara kwana ɗaya. Allah Ya yi miki albarka."

Iyakar maganar da ya taɓa yi mini fuska da fuska ke nan a duniya. Kokon bai gama hucewa ba ya cika, kansa a cinyar ɗansa, wanda gari ya taɓa taruwa cin gumbarsa. Ɗan nan nasa shi ya wanke shi, shi ya shiga rami ya karɓe shi.

Da aka dawo daga makabarta na zaunar da Inna tsakanin gwiwoyina, inda ta taɓa zaunar da ni. Na ɗora hannu a kan kitsonta na kasa farawa. Ta ce, "Tsefe, 'yar nan. Wannan karon da idona na gani."

Ya Allah, Kai ba a kawo Maka labari, da kanKa Kake gani. Ga Baba nan ya iso gare Ka. Ka dubi gonarsa da rahama, Ka yafe ɓarnar da ke cikinta, Ka haskaka masa kabari. In ana neman shaida a kansa, ga 'ya'yana uku nan a tsakar gida suna cin tuwo, ubansu na zaure, ni ce na tuƙa musu.